Geron da Na Noma a Fas

Jiya da hantsi ruwan fari ya sauka a Magariya, kuma kafin azahar asibitinmu ya zama kamar an share shi. Mai gadi ya ɓace, mai wanke ɗakuna ta ce kanta ke ciwo, har wata mai jego da ta haihu shekaranjiya ta kama roƙona in sallame ta, wai mijinta ba shi da mai bin bayansa da iri. Ban yi wa kowa faɗa ba. Ni kaina da nake babbar unguwarzomar wurin, sajifam mai farar riga da tabarau, tafin ƙafata ƙaiƙayi yake yi. Ana cikin haka 'yata Nafisa ta kira daga Turkiyya inda take karatu, fuska duk ta kumbura a cikin waya, wai ita dai gida take so, abincinsu ba ya shiga, gabanta faɗuwa yake ba dalili. Na juya wayar na nuna mata hadarin da ke sake haɗuwa a gabas, ina zaton zai sanyaya mata rai. Ashe fami na yi, ta ƙara fashewa da kuka. To, ni ma na san wannan kukan. Na yi shi har na gaji, kuma a lokacin babu wayar da za a nuna mini hadarin garinmu.

Ni 'yar Yekuwa ce. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan da na ci bak, jarrabawar gama sakandare, a Damagaram, aka ba ni bursu, wato tallafin karatu, zuwa Maroko, garin Fas, in koyi karɓar haihuwa. A danginmu kaf ba macen da ta taɓa wuce Kano. Baffannina suka taru a kan Baba, wai me ya haɗa 'ya mace da ƙasar da ko labarinta ba a ji. Baba, Allah ya jiƙansa, ba mai dogon zance ba ne. Ya ce, "Matanmu nawa suka cika a kan amalanke kafin a kai su Magariya? Za ta je." Maganar ta mutu a nan. Kun ga ke nan, in na gudo ba kaina kaɗai zan kunyata ba. Mutumin da ya tsaya mini gaban 'yan'uwansa zan sa ya sunkuyar da kai a majalisa.

Ranar tafiya Inna ta cika mini balis, akwatin tafiyata, da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, da daddawa da ta naɗe leda kan leda. Baba kuwa ya hau rumbu ya zaro zangarniya daga cikin iri, wanda ake warewa tun ranar girbi ba a taɓa shi. Geron gidanmu ne tun kaka da kakanni, mai dogon kai, ƙwayarsa manya masu ɗan duhu. Ya murje a tafin hannunsa ya ƙulle a wani yankin tsohon rawani. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka mutane Uwani suke ce mini, shi kuwa Uwata. Ya ce, "Uwata, wannan ba na kunu ba ne. Ki dai riƙe." Bai ce in shuka ba, bai ce kar in shuka ba.

Baƙo makahon gari ne, gaskiyar Hausawa. Larabcinsu ba irin wanda na wanke a allo ba ne. Faransancin da nake taƙama da shi a lise, sakandarenmu, da malami ya buɗe baki sai in ji kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Abinci kuwa burodi da safe, burodi da rana, burodi da yamma. Kai, mutanen nan da burodi! A site, wato ɗakunan kwanan ɗalibai, aka haɗa ni da wata Samira, 'yar manoman alkama daga wani ƙauye a gindin duwatsu, yarinya mai kirki amma bakinta ba linzami. Ita ta fara lura ba na barci. Ƙirjina ya riƙe kamar an ɗora mini turmi. Duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa sai in ce shi ke nan, an zo gaya mini wani ya rasu a gida. In malami ya kira sunana a aji, hannuna ya dinga rawa ke nan har alƙalami ya faɗi. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba abin da zan nuna wa likita. Kewar gida ce kawai, amma wallahi ta fi wasu cututtukan da nake yi wa magani yau cin jiki.

Ban daɗe da zuwa ba, wata safiya muna aji, sai na ji ƙamshin nan. Ƙasa busasshiya ta sha ruwa. Na waiwaya taga, ga shi yana zuba. Zuciyata ta yi tsalle, ƙafafuna suka fara neman hanyar fita. Na dubi 'yan ajin, ba wanda ko ya ɗaga kai. A waje mutane sun buɗe laima suna ta saurinsu suna tsaki. Ruwan fari guda, ana zubar da shi a kan kwalta! A Yekuwa da tuni gari ya watse, maza a gaba da sungumi suna sara, mata da yara a baya suna zuba iri suna rufewa da diddige.

Ana tashi daga aji na ruga ɗaki na kwance ƙullin Baba. Bayan gininmu akwai wani fili jikin katanga da ba mai amfani da shi. Na cire takalmi, na sara da guntun icce, na zuba rabin irin, na bi da diddige. Ranar na yi barcin da rabona da shi tun Yekuwa.

Ya tsiro kuwa. Ina tsugune a kansa wata safiya sai ga Samira da tawul a wuya.

"Uwani, me kika binne a nan?"

"Gero."

"Yanzu? Sanyi fa ke tafe. Mu daminarmu cikin sanyi take. Wannan ruwan na alkama ne."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ke za ki koya mini gero? Ruwa dai ruwa ne."

Ta kwashe da dariya ta wuce. Ku yi mini uzuri. A ƙasarmu ruwa da zafi tare suke zuwa kamar tuwo da miya, kuma bai taɓa faɗo mini a rai ba cewa Allah yana da ƙasar da ya raba su.

Sanyi ya zo tare da azumi. Ban taɓa azumi irin wannan ba. Yinin gajere ne, ba ƙishirwa, amma yunwar sanyi wata aba ce daban, tana shiga ƙashi ta zauna. Bango ya yi gumi, wanki ya kwana ya wuni a igiya bai bushe ba, alwala ta zama jarumta. Na haɗa zane da wando da safa biyu-biyu, na koma kamar dami mai tafiya. Da magariba a kawo miyarsu mai tumatir da dabino, mai daɗi ce ba laifi, amma ni kunun tsamiyar Inna nake gani a cikin kwanon. Geron kuwa kullum sai na leƙa shi. Ya tsaya cak a tsawon yatsa, ya yi rawaya, ya yi ja-ja, ya kwanta a cikin laka ya ruɓe. Ranar da na ga na ƙarshe ya kwanta na ce wa kaina, abin da ya fito daga gidanmu ba ya rayuwa a ƙasar nan. In gero da ke jure rairayin Yekuwa ya kasa, ni wace ce?

Egzama ya zo na faɗi darasi biyu, aka ce sai in sake su a ƙarshen bakans, wato dogon hutu, in na sake faɗuwa kuma ba zancen wucewa. Na ɗaure kayana tsaf, na tafi wajen Yaya Lawali. Mutumin Sassumbrum ne, ya girme mu, shi ke kula da 'yan Nijar na garin. Na ce masa gida zan koma. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce, "Bari a rufe lakwal a tafi hutu. Bana zan je gida. In har lokacin kina kan bakanki, ni zan kai ki ƙofar gidanku." Na dawo na tura balis ƙarƙashin gado a ɗaure, ina ciro riga ɗaya-ɗaya ina mayarwa.

Sai sanyi ya janye, ruwa ya ɗauke, zafi ya fara. Zafi fa na gaske, irin bazararmu, wanda ƙarfen ƙofa ke ƙona hannu. 'Yan garin suna ta kuka da shi, ni kuwa jikina ya warware kamar na ƙadangare. Kullum da la'asar in tsaya a taga ina duban gabas. Sama fes, ko gajimare babu.

Samira ta ce, "To ga zafin da geronki ke so."

Na ce, "Ina ruwan?"

Ta nuna mini famfo da baki.

Na ce, "A'uzu billahi! Gero da ban-ruwa? Albasa ce ko salati?" A garinmu in aka ga mutum da bokiti yana shayar da gero, sai dai a kai shi wajen malam a yi masa rubutu. Gero na sama ne, lambu na rijiya, kowa ya san haka.

Ta ɗaga kafaɗa ta ce, "To ki mayar wa babanki ragowar, ki ce masa ƙasarmu ta fi ƙarfinku, ke da shi."

Ni ba a yi mini haka. Ko Inna ta sani, in ana so in yi abu, a ce ba zan iya ba. Na yini ina cika ina batsewa. Washegari bayan sallar asuba na ɗauki bokiti na dinga jigila ina zubawa a filin nan, har na tona da hannu na ji danshi ya kai inda Baba ke cewa ya isa shuka. Ina cikin haka sai ga Yaya Lawali ya zo gaya mini zancen jirgi. Ban bari ya buɗe baki ba, na miƙa masa sandar tsintsiya na ce, "Yaya, sara mini."

Ya dube ni, ya dubi ƙasar, ya yi dariya har da riƙe ciki. Amma ɗan manoma ne. Ya naɗe ƙafar wando ya shiga gaba yana sara, ni ina binsa ina zubawa ina rufewa, har ƙullin ya ƙare. Da muka kai ƙarshen katanga ya jingina da sandar ya ce, "To, 'yar Yekuwa. Kin fa yi shuka."

"Na sani."

"Jirgi kuwa mako mai zuwa ne."

Sai a nan na gane abin da na yi wa kaina. A wajenmu wanda ya yi shuka ba ya tafiya sai ya girbe. Ko 'yan cirani, sai dami ya shiga rumbu suke ɗaukar jaka. Wanda ya bar shukarsa ta mutu a bayansa, sunansa ya ɓaci ke nan har 'ya'yansa su ji. Na tsaya da laka a diddige, hawaye na zuba, haushin Samira da haushin kaina sun haɗu. Na ce, "Ka gai da su Baba. Kuma don Allah kar ka gaya musu komai." Ya tafi shi kaɗai.

Site ya watse, Samira ma ta tafi ƙauyensu, bayan ta kawo mini wata 'yar hauya mai gajeren ƙota. Muka rage mu baƙaƙen fata da ba mu da wurin zuwa, 'yan Mali da Senegal da Gine da Cadi. Da rana ruwa ba ya hawa sama, sai famfon ƙasa, shi ma da asuba da yamma. Da farko kallona suke ta taga suna dariya. Da geron ya kai gwiwa sai wata 'yar Mali ta sauko ta shafa ganyen, ta koma ta dawo da bido, jarkar ɗiban ruwa. Daga nan abin ya zama gayya. Mu jera daga famfo zuwa katanga muna miƙa wa juna, kowa na waƙar noman garinsu, ba mai jin ta wani.

Haka kwanakin suka samu tsari. Salla, ban-ruwa, karatu a inuwar katanga har rana ta kore ni, ɗan barci, karatu, ban-ruwa. Na rage inda ya yi cunkoso, na yi noman fari, na yi maimai. Ba zan ce muku faɗuwar gaban ta tafi rana ɗaya ba, ƙarya ce. Sai dai ta samu wurin zuwa. Da na ji turmin nan ya hau ƙirjina sai in sauka in kama ciyawa, kafin in kai ƙarshen layi numfashina ya dawo. Gero ya wuce kaina. In iska ta kaɗa shi yana wannan ƙarar tasa, sai in rufe ido in ji ni a gonarmu ta gindin gawo. A ƙarƙashinsa na haddace ƙasusuwan ƙugun mace kaf.

Da ya fitar da kai tsuntsayen Fas suka gano abin da ba su taɓa ci ba, suka gayyato danginsu. Muka yayyanka tsohon gidan sauro muka sa wa kowace zangarniya riga. Da ƙwaya ta yi nono ta kama, na karyo 'yan kaɗan muka gasa tumu a kan gawayi. 'Yar Malin nan ta murza ta watsa a baki, sai hawaye. Samira da ta dawo a lokacin ta tauna ta tauna ta ce, "Tsakuwa ce, amma mai daɗi." Na ce, "Ya fi burodi dai." A makon na shiga egzama. Hannuna ya yi rawa, amma alƙalamin bai faɗi ba, kuma na ci duka biyun.

Girbin dami ɗaya ne, wanda mace za ta ɗauka da hannu guda. Amma ni a idona ya fi rumbun sarkin noma. Na yi wa 'yan gayya alkawarin fura, har mun fara neman turmi, sai Yaya Lawali ya dawo da kaset daga gida. Lokacin haka ake yi, a taru a gaban rediyo kowa ya yi gaisuwarsa. Na ji muryar Baba: lafiya lau, kowa lafiya, damina alhamdu lillahi, ki yi karatu. Inna ta sa albarka. Na mayar na sake saurare, wani abu bai yi mini ba. Kaset ɗin da aka ɗauka a tsakar gidanmu da rana, a farkon kaka, amma ba ƙarar taɓarya ko ɗaya a bayansa, ba tamu ba, ba ta maƙwabta ba.

Na ce, "Yaya Lawali, gaya mini gaskiya."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce ruwa ya zo an yi shuka, ya ɗauke, rana ta ƙone ta. Aka sake, aka sake, har iri ya ƙare. Abin da aka shuka daga baya na kasuwa ne, wani gajeren gero da ba a san asalinsa ba, shi ma bai yi abin kirki ba. Na ce, "Na gidanmu fa, mai dogon kai?" Ya ce, "Ko zangarniya ɗaya ba ta rage ba. Babanki ya bi dangi har Dungas, kowa nasa ya tafi."

Na juya na dubi damin da ke jingine a kusurwar ɗakina.

Na gaya wa 'yan gayya ba fura. Ba wadda ta yi ƙorafi, duk 'ya'yan manoma ne. Muka zauna muka murje shi da hannu don kar taɓarya ta fasa ƙwaya, muka sheƙe a faranti, na gauraya da toka saboda ƙwari, na ɗura a bido na toshe. Na aika wa Baba kaset ta hannun wani mai komawa, na ce, "Baba, ƙullin da ka ba ni ya haihu. Ina tafe da shi." Sanyi ya sake zuwa da ruwansa, na zauna a taga ina kallo, na bar wa masu alkama abinsu. Balis kuwa na kwance shi, kuma ban sake yi masa ɗaurin gudu ba har na karɓi diploma.

Bakans na gaba shi ne nawa na zuwa gida, sai dai egzama ya riƙe ni har damina ta kankama. Daga Damagaram zuwa Magariya ina duban gonaki ta tagar mota, ko'ina kore, shuka ta wuce idon sawu. Na ce shi ke nan, na makara. A kan amalanke zuwa Yekuwa na rungume bidon nan a cinya.

Inna ta tare ni da kuka da ruwan sha. Ban gama gaisawa ba ta ce, "Ki je ki raba babanki da mutanen garin nan. Ya bar gindin gawo ba shuka, wurin da ya fi ko'ina taki, bayan shekarar da muka sha. Baffanninki har sun gaji da magana." Ashe tun da ya ji kaset ɗina ya share wurin ya bar shi, ruwa na sauka yana kallo.

An yi ruwa kwana ɗaya kafin zuwana, ƙasa da sauran danshi. Baba ya ɗauki sungumi ya ce in biyo shi, ko kayan tafiya ban cire ba. Baffannina biyu suka biyo mu a baya, wai ganin ido. A gindin gawo na buɗe bidon na zuba masa a tafin hannu. Ya hure tokar, ya juya ƙwayar da yatsa, ya ɗauki ɗaya ya sa a haƙori. Ya daɗe yana taunawa. Sai ya miƙa wa babban yayansa hannun ya ce, "Yaya, duba. Namu ne."

Baffa ya duba, ya tauna shi ma, ya ce, "Ikon Allah."

Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Uwata, Lawali ya ce mini kin taɓa ɗaure kaya."

Wato bakin Yaya Lawali bai riƙe ba. Na dubi ƙasa na ce, "Haka ne, Baba."

Ya ce, "Da kin zo a lokacin, da na karɓe ki, 'yata ce ke. Amma da baki ɗaya kika ƙara mana a shekarar yunwa." Ya dubi abin da ke hannunsa, ya mayar mini da shi a nawa tafin, ya dunƙule mini yatsu a kai. Ya juya mini baya da sauri, ya ɗaga sungumi ya yi saran farko.

"Cire takalmin, Uwata. Ke kika noma shi, ke za ki fara zubawa."